Amigar Kawu da rediyon intanet: kundin aiki

Asabar, 7 ga Disamba 2024, Birnin Kebbi

Yau muka jawo ta daga ƙarƙashin gadon Kawu, cikin wani akwatin ƙarfe da ya sha tsatsa. Amiga 1200 ce, ƙirar kamfanin Commodore, irin wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 1992, wato shekara guda da 'yan watanni bayan an cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Kawu ya saye ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Landan, a zamanin da yake sana'ar ɗaukar bidiyon biki. Duk wanda aka ɗaura wa aure a Nasarawa ko Makerar Gandu a shekarun nan, in ya ga sunan ango da amarya na shawagi da ruwan zinare a farkon kaset ɗinsa, ba mamaki wannan ce ta rubuta. Akwai wani ɗan akwati da ake kira janlok, shi ke ɗora rubutun kwamfuta a kan hoton kyamara. Shi kam ya ɓace tun tashin gida na biyu. Kwamfutar dai na nan, da tiransifomarta, da linzami, da faifan fulofi sun fi talatin.

Abin da ya sa na taso da ita: idon Kawu ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarsa, gajeren zango kuwa a unguwarmu ya zama sai haƙuri. Inbata a kowane gida, cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani, duk suna zuba ƙara a iska, sai ka ji mai labarai kamar yana magana daga cikin injin niƙa. Na ba shi wayar shafa, kwana biyu ya maido mini da abata. Amma wannan kibod ɗin, ko a duhu yatsunsa sun san inda komai yake. Niyyata ke nan: ya danna F1 ya ji tasha, ya danna F2 ya ji wata.

Da zan fita da ita ya ce, "Wagga aba ta girme ka. Ka bi ta da ladabi."

Asabar, 14 ga Disamba

Ban jona ta da wuta ba, kuma na gode Allah da ban yi ba. Da na kwance murfin na cire garkuwar ƙarfen da ke rufe fanel, wani ƙarni ya buge ni kamar na kifin da ya kwana a rana. Kwandensa ne. Ƙananan nan masu kama da gwangwani da ake mannawa a fuskar fanel, in sun tsufa ruwan cikinsu yakan tsiyayo, ya ci dalma, ya ci siraran hanyoyin tagulla. Duk mai Amiga 600 ko 1200 da ta kai wannan shekarun ya san zancen. Na kusa da ramukan sauti sun fi lalacewa, ƙafafunsu sun yi kore, dalmar ta dushe ta zama toka-toka. A wajena nan ne wuri mafi muni da za su zaɓa, tunda sauti nake nema.

Na wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Ƙurar hunturu ba ta bar ni na yi aiki a tsakar gida ba, sai da na koma ɗaki na rufe taga da zane.

Lahadi, 22 ga Disamba

Hannuna ba shi da natsuwar cire irin waɗannan kwandensa ba tare da na ɓamɓaro tagullar ƙasa ba, don haka na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan babbar kasuwa. Ya juya fanel ɗin, ya ɗaga shi a haske, ya ce, "Wannan aikin mutanen da ne, ga fili ko'ina." Kwana huɗu ya yi da shi. Hanya guda ta riga ta yanke kusa da aisin ƙara sauti (aisi shi ne ɗan baƙin ƙwayar lantarkin nan mai ƙafafu da yawa), ya ɗinke ta da siririn waya kamar gashi.

Kafin in jona, na auna tiransifoma da mita. Wuta iri uku take bayarwa: bolt 5, bolt 12, da bolt 12 na ƙasa da sifili. Na ƙarshen nan mutane kan manta da shi, domin kwamfutar za ta tashi ko babu shi, sai dai sautin ya fito a shaƙe. Duka ukun lafiya lau.

Na haɗa ta da ƙaramar talabijin ta hanyar ramin bidiyo mai ruwan ɗorawa. Da yake ƙirar Ingila ce, tsarin PAL take bi, irin na talabijin ɗinmu, ba a sha wahala ba. Na danna makunni. Allo ya yi duhu, ya yi toka, sai ga shuɗi mai ja-ja da hoton fulofi yana shiga raminsa yana fitowa. Kickstart 3.0 ke nan, manhajar da ke tayar da ita. Na fi minti biyar ina kallon fulofin nan yana shiga yana fita kamar ban taɓa ganin talabijin ba.

Tsohon had-dis ɗin ciki ƙwas-ƙwas kawai yake yi. Na sauya shi da katin CF mai gigabait 2 a kan adafta.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Asarar kuɗi ta farko. A gefen hagu Amiga 1200 na da ramin kati irin na tsofaffin laftof, PCMCIA, ta nan ake sa mata katin netwok. Na aika Legas aka sayo mini a Ikeja, direban mota ya kawo. Kati ya zo fes, amma ya ƙi shiga, da na duba bakinsa sai ga wani zirin ƙarfe mai ruwan zinare da ƙananan ƙuraje a kai. CardBus ne, mai bit 32. Ramin Amiga na mai bit 16 ne, wanda ya riga shi. Laifina ne, ni na ce wa mai shago "katin laftof na da" ban ƙara komai ba. Yanzu na rubuta masa suna da lamba: 3Com 3C589, kuma lallai da 'yar jelarsa da ake soka wayar netwok, don katin ba jela ba shi da maraba da murfin gwangwani.

Asabar, 18 ga Janairu

Kati ya iso da jelarsa. Direbansa, 3c589.device, yana Aminet, rumbun manhajojin Amiga da ke nan tun 1992 kuma har gobe ana zuba masa sabbin kaya. Can na samo AmiTCP, wadda ita ke koya wa kwamfutar yaren intanet, domin a yadda ta fito daga kamfani ba ta san da wata aba wai ita intanet ba. Sai kuma 'yar manhajar CardReset, saboda wannan ƙirar in aka sake tayar da ita ba ta farkar da katin da kanta.

Abu guda ya cinye mini dare biyu. Na samo katin ƙarin memori mai megabait 8 na sa a ƙofar ƙasa. Da na sa shi, katin netwok ya ɓace. Ashe a taswirar adireshin wannan kwamfuta, rabin sama na megabait takwas ɗin ya hau kan gurbin da aka ware wa PCMCIA, gona ɗaya masu ita biyu. Akwai ɗan jamfa a kan katin, na mayar da shi 4, rigima ta mutu. Huɗun ma ba ƙaramin abu ba ne. Megabait 2 na asali ƙwaƙwalwa tana rabonsu ne da aisin hoto da na sauti, kowa sai ya jira layi. Wannan sabon nata ne ita kaɗai, kuma saurin ya kusan ninkawa.

Ƙarfe ɗaya saura na dare na aika gaisuwar gwaji zuwa rauta, ta amsa.

Asabar, 25 ga Janairu

Makon da jikina ya yi sanyi.

Ƙwaƙwalwar Amiga 1200 ita ce Motorola 68EC020 mai gudun megahaz 14. Wayar da ke aljihuna ta ninka ta fiye da sau ɗari a bugun agogo kaɗai. Rediyon intanet kuwa matsattsen sauti yake aikowa, MP3 ko AAC, kuma warware shi lissafi ne tsagwaronsa, dole a gama na kowace daƙiƙa kafin daƙiƙar ta wuce. Na gwada fayil ɗin MP3 da mpega.library, manhajar warware MP3 ta Amiga, na rage komai zuwa ƙasa: kunne ɗaya, inganci mafi ƙanƙanta. Abin da ya fito sai ka ce mai in'ina, kalma, shiru, kalma, shiru. Masu jin MP3 sumul a Amiga suna da katin ƙara gudu ne mai ƙwaƙwalwar 68060, kuɗinsa kuwa in na faɗa a gida za a ce a kai ni a yi mini ruƙiyya.

Ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Na ɗauki jerin tashoshin da Kawu zai so na bi su ɗaya-ɗaya a laftof. A da, tun zamanin da manhajar watsa rediyo a intanet ta Shoutcast ta fito a 1998 da Icecast a bayanta, sai dai ka ƙwanƙwasa wa sabar ƙofa da http, ta buɗe maka famfo, sauti ya yi ta zuba har ka gaji. Yanzu akasarinsu sun koma https, wanda sai an yi musabahar sirri mai nauyin lissafi kafin a ba ka ko bait ɗaya. Akwai AmiSSL, manhajar da ke yi wa Amiga wannan musabaha, amma a megahaz 14 musabahar kaɗai jiran mota ce a tasha, ga shi kwamfutar ba ta da agogo mai batir, ba ta san ranar da ake ciki ba balle ta gane ko takardar shaidar sabar ta ƙare. Manyan gidajen rediyo kuma da yawa sun koma HLS, inda ake yayyanka shiri gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙu, kana ɗauko wannan kana tambayar na gaba.

Ƙofa uku ke nan a kulle, ni kuma ko makulli ɗaya ba ni da shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Hanya biyu suka rage, na kwana ina auna su.

Ta farko, MAS Player: ɗan akwati da ake soka wa a ramin firinta, da aisin MAS3507D a ciki. Amiga ta ɗebo MP3 daga intanet ta miƙa masa, shi ya warware ya fitar da sauti ta nasa ramin. Ta biyu, in sa Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta zamani, a tsakani: ita za ta yi musabahar sirri, ta haɗa gutsattsarin, ta warware da manhajar sarrafa sauti ta ffmpeg, ta miƙo wa Amiga ɗanyen sauti ta wayar netwok.

Na zaɓi ta biyu, kuma abokina da ke koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ya yi mini dariya har da riƙe ciki. "To malam, in Pi ce ke yin aikin, ka soka mata sifika mana ka huta. Wannan ai ɗaukar jaki ne a ka."

Gaskiyarsa rabi ce. Dalilina shi ne Paula. Ita ce aisin sauti ta Amiga tun ta farko a 1985: bakuna huɗu, biyu dama biyu hagu, kowanne bit 8, tana jan sauti daga memori da kanta ba tare da ta dami ƙwaƙwalwa ba. Ita ce muryar wannan kwamfuta. Da MAS Player, Amiga za ta zama ɗan aike, muryar ta wani ce, kuma ƙofar https da HLS na nan a kulle. Da Pi, ɗan aiken ne baƙo, murya tata ce. In dole sai an yi haya, gara in yi hayar ƙafa da in yi hayar maƙogwaro.

Na kuma yi lissafin data. Tasha mai kilobit 64 a daƙiƙa tana cin megabait 28.8 a awa, mai 128 tana cin 57.6. Ɗanyen sautin da zai bi waya daga Pi zuwa Amiga ya fi haka, kusan kilobait 22 a daƙiƙa, amma a cikin ɗaki yake yawo, ba ya taɓa kuɗin kowa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na rubuta 'yar manhajar da yaren kwamfuta na C, na harhaɗa ta a laftof da vbcc, mai mayar da rubutun C zuwa abin da Amiga ke ganewa. Dabarar irin ta randa biyu ce: ana shan ruwan wannan, ana cika waccan, in ta ƙare a juya. Dole randunan su zauna a memorin asali, domin Paula ba ta ganin sabon da na ƙara.

Gwajin farko saura kaɗan ya fasa mini sifika. Wata irin ƙara ta tashi kamar ana yaga kwanon rufi, can ƙarƙashinta kana jin alamar mutum na magana. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Lafiya? Ko abin ya kama wuta?" Na kashe, na zauna ina zargin dattijo mai gyara a zuci, Allah Ya yafe mini. Kuskuren nawa ne, harafi ɗaya tak. Sauti mai bit 8 iri biyu ne: wanda ke ƙirga daga 0 zuwa 255, shiru yana 128, da wanda ke ƙirga daga 128 ƙasa da sifili zuwa 127, shiru yana sifili. Paula na biyun take ci. Ni kuma na ce wa ffmpeg u8 maimakon s8, sai kowane tudu ya koma kwari.

Na gyara harafin. Ƙarfe tara da 'yan mintuna na dare, wata murya ta fito tar da Hausa tana karanta farashin hatsi. Ban kira kowa ba. Na bar ta har aka ɗauke wuta.

Asabar, 15 ga Fabrairu

In muna kan inbata akwai gurnani a ƙasan sauti, in wutar gari ce babu. Na raba soket ɗin sifika da na kwamfuta, na gajarta wayar sauti, ya ragu amma bai tafi ba. Inbatar ce ba ta fitar da wuta mai santsi. Na bar shi haka tukuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wannan ita ce matsalar da ta fi yi mini daɗi, in ana iya faɗin haka.

Sauti na tafiya lafiya kamar minti ashirin, sai a fara jin ƙyas, ɗan tsalle ƙarami, bayan wani lokaci kuma ƙyas. Na ɗauka netwok ne. Amma netwok ba ya da tsari irin wannan. Na riƙe agogo na ƙirga: kusan kowace daƙiƙa 26.

Ga abin da ke faruwa. Ba a ce wa Paula "yi ɗigon sauti 22,050 a daƙiƙa". Lamba ake ba ta ta raba agogonta da ita, kuma a Amiga ta PAL agogon nan 3,546,895 ne a daƙiƙa. In ka raba shi da 22,050 za ka sami 160.86, ita kuwa ba ta karɓar guntu, sai cikakkiyar lamba. Na ba ta 161, wanda ya ba da 22,030. Ke nan Pi na zuba ɗigo kusan ashirin a kowace daƙiƙa fiye da abin da Paula ke sha. Kunne ba zai ji bambancin murya ba, amma a awa guda rarar ta haura daƙiƙa uku. In ma'ajiya ta cika, manhajar da na rubuta a Pi sai ta zubar da bait 512 don ta sami wuri. Raba 512 da ashirin ɗin nan, ga daƙiƙa 26 ɗinka.

Magani bai kai ciwon ba: na ce wa ffmpeg ta fitar da 22,030 daidai. Na kuma faɗaɗa ma'ajiya a sabon memori, tana tara daƙiƙa biyar kafin ta fara, saboda netwok ɗinmu da ke numfashi sama-sama da yamma. Awa uku na saurara, ƙyas ko ɗaya babu.

Akwai dabarar haɗa bakuna biyu, ɗaya da cikakken ƙarfi ɗaya can ƙasa, a sami kusan bit 14. Don kiɗa ta dace. Don labarai da wa'azi ban ga buƙata ba. Abin da na yi shi ne na sa Pi ta daidaita ƙarfin murya, don matakai 256 ɗin nan a ci moriyarsu duka, shuuu ɗin da ke biyo bayan magana ya ragu sosai.

Lahadi, 2 ga Maris, 2 ga Ramadan

Jiya aka ɗauki azumi, yau bayan La'asar na kai ta ɗakin Kawu na ɗora a kan teburin da ta saba zama. F1 zuwa F4, tasha huɗu. Ya shafa kibod ɗin daga hagu, ya tsallake Esc, ya danna F1 ba tare da na nuna masa ba. Tafsiri ake yi.

Ya saurara jim kaɗan ya ce, "Muryar ta yi kaifi. Kamar malamin na cikin kwano."

Na tuna Amiga na da matatar sauti da ke yanke duk abin da ya haura haz dubu uku da 'yan kai, kuma waya ɗaya ke riƙe da ita da fitilar wuta: in matata na aiki fitilar ta yi haske sosai, in an kashe ta dushe. Ni na kashe ta da gangan don a ji komai tsaf. Na mayar. Fitila ta ƙara haske, murya ta yi taushi, ta yi kauri.

"Yawwa. Yanzu ta zama rediyo."

Wata uku ina faɗa da ƙara, ashe shi abin da yake so ya fi kusa da gajeren zangonsa.

Na gaya masa zancen abokina, cewa wai ƙaramar na'urar da ke bayan labule ce ke yin aikin. Ya ce, "Mi ya sani? Landan ɗin da muka saurare shekara da shekaru, ka ɗauka daga Landan take faɗowa cikin rediyona? Wani tsibiri take biyawa tsakiyar teku, su karɓa su turo muna." Tsibirin Asenshan yake nufi, inda BBC ke da tashar tura shirye-shirye zuwa Afirka tun 1966. Ban san ya san wannan ba.

Asabar, 8 ga Maris

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Tiransifoma na ɗaukar zafin da ba na iya barin hannu a kanta, na ɗaga ta a kan bulo biyu na sa mata ƙaramar fanka. Sai na nemo sabuwa kafin Afrilu, don ban yarda tsohuwar za ta ga damina ba.

Abubuwa biyu sun fito daga mako guda na aikin gaske. In netwok ya yanke, manhajar tsayawa take yi cik, Paula kuma ta yi ta maimaita randar ƙarshe, rabin kalma ɗaya, har sai an kashe. Ranar Laraba da sahur haka ta yi wa Kawu, ya ce ya ɗauka malamin ne ya maƙale. Na sa ta yi shiru in ruwa ya ƙare, amma sake haɗawa da kanta bai zauna ba tukuna, wani lokaci sai an danna F ɗin sau biyu.

Na biyu, yana so ya san tashar da ya kamo tun kafin a yi magana. Rubutu a allo ba zai amfane shi ba. Amiga na da narrator.device, muryar roba da ke karanta rubutu, sai dai an daina saka ta a faifan Workbench (manhajar da ke ba Amiga fuskar aiki a allo) na zamanin wannan ƙirar, kuma da lafazin Turancin Amurka take magana. Na fi karkata ga in ɗauki muryar ƙanwata tana faɗin sunan kowace tasha, in ajiye a kati, daƙiƙa biyu-biyu, kilobait 44 kowanne. Ta ce sai na biya ta da kifin Yauri.

Daren jiya kuma na ci karo da wata tasha da har yanzu ke bayar da MP3 mai kilobit 32, kunne ɗaya, ta tsohuwar http ba sirri. Na cire Pi daga tsakani na gwada kai tsaye. In'ina ce dai, amma tazarar shirun ta fi ta Janairu gajarta nesa ba kusa ba. Bayan Sallah zan rufe Workbench gaba ɗaya, in kashe allo don aisin hoto ya sakar mata hanya, in sake aunawa.